Wa Ya Wanke Matar Teku?

Ranar Asabar ɗin da za a buɗe baje kolin zanen Nuala Conneely, mutanen Portnarone suka wayi gari an wanke matar teku.

Saje Malachy Folan, ɗan sandan garin, yana tsaka da karin kumallo wayarsa ta yi ƙara. Dympna Hession ce, shugabar matan da ke iyo a teku kowace safiya, mace mai murya kamar ƙahon jirgi.

"An wanke ta, Saje! Ajiye cokalin nan ka taso."

"An wanke wa?"

"Matar teku mana! Kuma kowa ya san wanda ya yi."

Malachy ya ƙarasa cinye ƙwansa tukuna. Ya daɗe da sanin cewa in aka ce kowa ya san mai laifi, aikin ranar zai yi tsawo.

A tsohon rumbun ajiye kwalekwale da ke bakin gaɓa aka rataye zanen. Shekara biyu ke nan Nuala tana shiga ruwa tare da matan garin, rani da hunturu, in ta fito yatsunta na rawar sanyi ta zauna kan dutse ta zana abin da ta gani da fentin ruwa. Ga matan suna gudu zuwa cikin igiyar ruwa, ga su sun fito jajawur suna dariya, ga tsuntsaye, ga duwatsu. Duk waɗannan ba a taɓa su ba. Wanda aka taɓa shi ne babban da ke bangon ƙurya, wanda Nuala ta lulluɓe da ƙyalle ta ce ba mai gani sai ranar buɗewa.

Tatsuniyar da kowane yaro a garin ya sha tun yana goye ita ta zana: macen karen teku, wata dabbar ruwa mai santsin fata, da ke fitowa kan dutse ta tuɓe fatarta ta zama mutum, har wani masunci ya ɓoye fatar ya aure ta, ranar da ta gano maɓoyar kuma ta koma ruwa ta bar shi da 'ya'ya. Tsofaffi ma cewa suke daga tsatson wannan mata dangin Conneely suka fito, shi ya sa ba sa jin sanyi.

Matar tana nan tsaye kan baƙin dutse, fatar ta zame mata zuwa ƙugu, gashi ya rufe fuskarta. Amma daga wuya zuwa cibiya babu komai. An goge wurin tas, launukan sun cakuɗe sun zama toka-toka, takardar ta jiƙe ta yi tudu.

Nuala na zaune kan akwati, hannayenta biyu cikin aljihun riga. Ba ta kuka. Matan iyo sun kewaye ta, gashinsu a jiƙe, kowacce da doguwar rigar sanyi da filas ɗinta a hannu. Can gefe, Malama Bríd Lavelle tana jera kofuna kan tebur, kamar yadda take yi a kowane taron garin. Ita ta koya wa rabin Portnarone karatu, har da Malachy. Ta haura saba'in, rigarta a maƙale har wuya.

"Ba gilashi a kansa?" in ji Malachy.

"Bai iso daga birni ba," in ji Nuala. "Na ce kwana ɗaya ba zai yi komai ba."

"Wa ke da makulli?"

Dympna ta yi tsaki. "Yana ƙarƙashin dutsen da yake tun kana tsumman goyo. Saje, me kake jira? Fito ka ga sawun."

*

Ruwa ya janye, yashin da ke gaban rumbun yana da danshi. Sawun manyan takalman roba ya fito daga wajen duwatsu ya shiga ƙofa, ya sake fitowa ya koma inda ya fito.

"Ka gani?" in ji Dympna. "Wa ke da ƙafa kamar shebur a garin nan in ba Fintan Gannon ba?"

Malachy ya tsuguna. Kafin ya sa kaki, ya yi ƙuruciyarsa a kan tudu yana bin sawun ɓatattun tumaki tare da mahaifinsa, kuma har yau ya fi yarda da ƙasa a kan bakin mutane. Ya dubi sawun ya daɗe. Ya miƙe ya bi shi a hankali, gefe da gefe, har inda yashi ya ƙare duwatsu suka fara. Sannan ya taka ƙafarsa kusa da ɗaya ya ɗaga, ya kwatanta zurfin biyun.

"To?" in ji Dympna.

"To kar kowa ya taka nan."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan abin da na sani."

*

Ya tarar da Fintan a kan gadar da ake ɗaure jirage yana ɗinkin tarkon ƙaguwa. Ƙaton mutum ne, mai gajeren wuya da gajeriyar zuciya. Tun da matan suka fara iyo a gangaren da yake tura jirginsa ba a sake zaman lafiya ba. Shi ya ce suna tare masa hanya, su suka ce man injinsa na ɓata musu ruwa. Ga kuma karnukan teku da ke yaga masa raga, waɗanda Nuala ke zanawa da idanu kamar na jarirai.

"Ka zo kama ni?" in ji Fintan, bai ɗago ba.

"Na zo gaishe ka."

"Rabon da ka gaishe ni tun jana'izar tsohuwata."

"An ce ka faɗa a mashaya ranar Alhamis cewa tunda zanen na son ruwa, za ka kai su iyo."

"Na faɗa. Na kuma ce zan auri sarauniyar kifaye. Ita ma ka rubuta."

"Ina kake da sassafe?"

"A ruwa."

"Wa ya gan ka?"

"Ƙaguwa. Je ka tambaye su, suna cikin kwandon can."

Malachy ya dubi takalman da ke ƙafarsa. Girmansu ya yi daidai da sawun, ko kusa.

"Sauko ka taka mini yashin nan."

"In yi me?"

"Ka yi tafiya. Daga nan zuwa wancan ƙarfen."

Fintan ya ajiye allurarsa, yana zagin gwamnati da duk wanda ta ɗauka aiki, ya sauko ya yi tafiyar. Ƙafarsa na nutsewa har idon sawu, takunsa mai faɗi, yatsu na kallon waje kamar na agwagwa.

"Ko in taka maka rawa ma?"

"Ya isa. Na gode."

Malachy ya juya zai tafi, Fintan ya kira shi. Muryarsa ta sauka.

"Mai otal ya aiko ɗazu. Wai ba ya bukatar ƙaguwata yau. Ko gobe." Ya share hannu a wando. "Ni ban taɓa zanen yarinyar nan ba, Malachy. Ubanta ne ya koya mini ɗaurin igiya."

*

Dympna na bayan kantarta a shagon burodi lokacin da ya shiga. Ta miƙo masa kofin shayi, sai ya ga yatsunta biyu sun yi shuɗi.

"Me ya samu hannunki?"

Ta dubi hannun, ta dube shi, fuskarta ta yi ja. "Kai, Malachy Folan! Ni kake zargi? Ni da na ɗora ka kan cinyata kana zubar da yawu?"

"Tambaya na yi."

"Allon da ke ƙofar rumbun wa ya rubuta shi? Mala'iku? Fenti ne na mai, je ka shafa ka ji, bai ma bushe ba."

"An ce kun yi cacar baki da Nuala."

"Mun yi. Ta zana ni ta baya ina shiga ruwa, ta ba ni mazaunai kamar na saniyar gasa. Na ce ta rage, ta ce ita abin da ta gani take zanawa. Ka ga in wanki zan yi, wannan zan wanke, ba matar teku ba."

Wannan magana ta shige shi, don zanen mazaunan yana nan lafiya lau kusa da taga.

"Wa ya fara isa gaɓa yau?"

"Mu dai tare muka zo, tare muka shiga. Bayan mun fito Nuala ta buɗe rumbu, muka ji ihunta."

"Malama Bríd fa? Na ga gashinta a bushe."

"Ai ta daina shiga da mu. Tun da ta dawo daga wurin 'yarta a birnin Galway, inda ta yi hunturu tana rainon jika, sai ta ce surutuna na sa mata ciwon kai. Ita kaɗai take iyonta can bayan duwatsu, kafin mu fito." Dympna ta goge kantar da ƙarfi, inda babu datti. "Shekara hamsin muna tare, yanzu ne surutuna ya dame ta. Tsufa dai bai yi ba."

*

Kafin azahar aka yanke igiyar jirgin Fintan. Ba wanda ya ga mai yankan, ko da yake akwai mutane a kan gada. Jirgin ya sulale ya bugi bango ya tsage a gefe, da ƙyar Fintan da wani maƙwabcinsa suka jawo shi. Da Malachy ya isa, ya tarar da shi tsaye cikin ruwa har ƙugu, mutane na kallo daga sama.

"Ka samo mini wanda ya yi," in ji Fintan. "Ba mai igiya ba. Mai zanen. In ba haka ba sai na bar garin nan, ni da aka haifa a cikinsa."

Malachy ya koma rumbun. Nuala kaɗai ce a ciki, tana tsaye gaban zanen.

"Me ke wurin da aka goge?" ya tambaye ta.

"Jikin mace."

"Nuala, mai jin haushi zai watsa ruwa ne ko'ina. Ko ya yaga. Wannan ya bar kai, ya bar fata, ya bar dutse. Ya goge wuri ɗaya, a hankali, har ya tsane gefen don kar ya zubo. Me ke wurin?"

Ta dubi wurin da aka goge.

"Nono ɗaya," ta ce. "Ɗaya gefen kuma tabon ɗinki ne, dogo, daga nan zuwa hammata."

"A tatsuniya babu wannan."

"Babu. Gani na yi. Wata safiya da bazara na hau tudu don in zana hazo, sai ga mace ta fito daga ruwa can ƙasa, ta tuɓe rigar iyo ta tsaya tana shan iska. Ban taɓa ganin abin da ya kai ta kyau ba. Na ce wannan ita ce matar teku, wadda aka cire wa wani abu amma ta koma ruwa."

"Wace ce?"

"Akwai hazo."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Akwai hazo, Saje," ta sake faɗa, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ya matsa kusa da zanen. Da safe takardar a jiƙe take, komai toka-toka. Yanzu ta fara bushewa, kuma a bakin inda ruwan ya tsaya wani siririn layi ya fito, ruwan ƙasa-ƙasa. Babu wannan launi a ko'ina cikin zanen. In da ruwan teku ne, da gishiri ya fito fari. Famfon rumbun kuwa ya fashe tun sanyin bara, ba a gyara ba.

Ya dangwala ɗan yatsa a inda ke da sauran danshi, ya kai harshe. Babu gishiri. Zaƙi ya ji, da ɗacin ganyen shayi. Ya kai hanci dab da takardar ya shaƙa.

Kanumfari.

Sai ya tuna kansa yana yaro a aji biyu, a benci na gaba, yana fama da lissafi, filas a buɗe kan teburin malama, ƙamshin nan ya cika ɗakin. Mutum ɗaya ce a Portnarone ke jefa kanumfari a shayi, kuma garin ya yi shekaru yana tsokanarta a kai.

Ya zauna kan akwatin da Nuala ta zauna da safe. Sawun ma yanzu ya faɗa masa abin da ya ƙi faɗa ɗazu: babban takalmi, amma bai nutse ba, taku gajere, dunduniya na jan ƙasa. Ƙaramar ƙafa ce cikin takalmin namiji. Marigayi mijin Malama Bríd ƙato ne, kuma ba ta taɓa zubar da komai nasa ba.

Ya so a ce Fintan ne.

*

Ya same ta a bayan coci tana cire ciyawa daga tukwanen furanni. Filas ɗin na kan benci.

"Sannu da aiki, Malama."

"Malachy. Ka tsaya sosai, kana doro."

Ya miƙe kafaɗa ba tare da ya yi niyya ba. "Ko zan samu shayi? Tun safe nake yawo."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta ɗauki filas ɗin ta girgiza. Babu komai a ciki.

"Ya ƙare da wuri yau," ta ce.

"Haka na gani."

Ta ci gaba da cire ciyawa, amma hannun hagunta ba ya ɗaguwa sosai, kuma ya yi mamakin yadda bai lura ba tun watanni.

"An yanke wa Fintan igiya," ya ce. "Jirginsa ya tsage."

Hannunta ya tsaya. "Yaushe?"

"Ɗazu. Zan tara mutane a rumbu da la'asar. Zan nuna musu ba shi ba ne. Iyakar abin da zan yi ke nan, Malama. Ba zan kira sunan kowa ba."

"Kana ganin za su bar ka?"

"Ba su ke ba ni umarni ba."

"Ba ka san garinku ba ke nan." Ta kakkaɓe ƙasar hannunta. "Je ka yi aikinka."

*

Rumbun ya cika har ƙofa. Matan iyo a gefe ɗaya, masunta a ɗaya gefen, mai otal a tsakiya yana duban kowa ya ga inda iska za ta kaɗa. Fintan ya jingina da bango, wandonsa bai gama bushewa ba. Nuala na kusa da zanen. Malama Bríd ta zauna a kujerar ƙarshe, jakarta kan cinya.

Malachy bai ja zance ba.

"Sawun da ke waje ba na Fintan ba ne. Na sa shi ya taka yashi, ya nutse kamar doki. Wanda ya shigo nan bai kai rabin nauyinsa ba. Kuma ba da ruwan teku aka wanke zanen ba. Da shayi ne, mai sukari. Wanda ya yi bai zo da niyya ba. Ya ɗaga ƙyalle, ya ga abin da ya gani, ya yi amfani da abin da ke hannunsa. Fintan kuwa kowa ya san ba shayi yake ɗauka zuwa ruwa ba."

Wasu suka yi dariya, Fintan bai yi ba.

"Saboda haka wanda ya yanke igiya ya yanke ta mutumin da bai ji ba bai gani ba. Na san su biyu ne, na ga sawunsu a gada. Gobe da safe ina so in gan su da katako da guduma a wurin jirgin. In ban gan su ba, su za su gan ni."

"To wa ya yi?" in ji mai otal.

"Wannan tsakanina ne da mai zane."

Rumbun ya ɗauki guna-guni. Wani masunci ya ɗaga murya: "In shayi ne, ai filas ne. Su wa ke yawo da filas a bakin ruwa?" Duk idanu suka koma kan matan iyo. Wata daga baya ta ce ai kowa ya ji faɗan Dympna da Nuala. Wani ya ce a duba hannunta.

Dympna ta miƙe, ta buɗe baki, kuma a karon farko a tarihin garin ba abin da ya fito.

"Ku zauna."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma rabin ɗakin sun taɓa jin wannan murya suna ƙanana, suka zauna. Malama Bríd ta taso ta zo gaba, ta tsaya ƙarƙashin zanen.

"Ni na wanke shi. Na shigo da sassafe in ajiye kofuna, son sani ya sa na ɗaga ƙyallen. Abin da na gani jikina ne." Ta gyara tabarau. "Ba rainon jika na je yi Galway ba. Ciwon daji ne. Sun cire nono ɗaya. Ban gaya wa kowa ba don ba na son kallon da kuke yi mini yanzu. Ku daina."

Ba wanda ya motsa. Ana jin igiyar ruwa na dukan gangare a waje.

Ta juya ga Nuala. "Kin san ni ce."

"Na sani, Malama."

"Kin rufe fuskar kin ɗauka kin rufa mini asiri. A garin da kowa ya san kafaɗar kowa? Da an ɗaga ƙyallen nan, kafin a sha kofi ɗaya an gama lissafin wace mace ce ta daina tuɓewa a gaban mutane."

"Na ga yana da kyau ne," in ji Nuala. "Na so mutane su ga..."

"Yana da kyau. Na tsaya na kalle shi kafin in goge, ban taɓa zaton haka nake ba. Amma nawa ne. Da kin tambaye ni."

"Da kin yarda?"

"Da na ƙi. Amma da kin tambaya."

Nuala ta sunkuyar da kai. "Ki yafe ni."

"Ke ma. Na ɓata miki aikin watanni." Sannan ta nemi Fintan da ido. "Kai ne ban kyauta wa ba. Na ji ana kiran sunanka da safe na yi shiru, na ce zai wuce. Na tsufa ban san hali na mutanenmu ba."

Fintan ya cire hularsa, ya murɗa ta, ya mayar, ya sake cirewa. "Jirgi ne kawai, Malama," ya ce. Ya juya ga mai otal. "Kai kuma ƙaguwarka na cikin kwando. Ka aiko a ɗauka kafin in canza ra'ayi."

Malachy ya tambayi Nuala ko tana da ƙara. Ta girgiza kai. Ya tambaye ta ko za a sauke zanen.

"A bar shi yadda yake," in ji Malama Bríd, kafin ta amsa. "Mutane sun zo kallo. A buɗe abin nan a sha shayi, kek ɗin na bushewa."

*

Aka buɗe baje kolin a makare. Mutane suka zagaya suna kallon zane da natsuwar da ba su saba ba, kowa in ya zo gaban matar teku sai ya ɗan tsaya ya wuce. Malachy ya fita waje ya sha iska. A kan bencin da ke jikin bango ya ga Malama Bríd zaune, Dympna na tsaye a kanta, hannu a ƙugu. Bai yi niyyar saurare ba, amma muryar Dympna ba ta bukatar niyya.

"Surutuna, ko? Surutuna ke sa miki ciwon kai?"

"Yana sa mini."

"Na saƙa wa jikan nan hula, Bríd! Hula da safa! Na ba ki kika sa a jaka kika ce na gode!"

"Ya sa su. Sun yi masa kyau."

"Wa ya zauna da ke ranar tiyata?"

"'Yata ta zo da yamma. Tana da aiki."

Dympna ta zauna, bencin ya yi ƙara. Ta ciro hankici ta fyace hanci da ƙarfi. Suka zuba wa ruwa ido yana dawowa.

"An gama, ko da saura?" in ji Dympna.

"Da saura. Zan koma ranar Alhamis su duba."

"Da me za ki je?"

"Da bas, kamar kullum."

"Ni zan kai ki."

"Dympna, tuƙinki ya fi ciwon saurin kisa."

"To ki mutu a hanya," in ji Dympna, ta kama hannunta ta riƙe gam. "Amma ba ke kaɗai ba."